Me ya sa hotunan ƙwarin garkata suke fitowa dishi-dishi?

Tambaya daga wani mai karatu a Maradi: "Ina da ƴar garka a bayan ɗaki, akwai zogale, kuɓewa, yakuwa, kabewa da icen lemun tsami guda. Ƙwari iri-iri suna zuwa, ina son ɗaukar su hoto da salulata, amma ko dai su tashi kafin in matsa kusa, ko hoton ya fito dishi-dishi. Sai na sayi babbar kyamara ne?"

Malam, kada ka yi gaggawar sayen kyamara. Wanda bai gane abin da ke ɓata hotonsa a salula ba, da babbar kyamara ma dishi-dishin zai samu, sai dai ya fi tsada. Abubuwa uku ne ke cin ka: lokacin da kake fita, irin hasken da kake ɗauka a cikinsa, da kuma wani hali na gilashin kyamara da mutane da yawa ba su sani ba. Bari mu fara da wannan na ƙarshe, don shi ne tushen matsalar.

Duk sa'ad da ka matso da gilashi kusa da abu, wurin da ke fitowa tar a hoton yana raguwa. Idan ka ɗauki mutum daga nisan mita 3, hancinsa da kunnensa da bangon da ke bayansa duk za su fito. Amma idan ƙudan zuma ne ya cika maka hoto, abin da zai fito tar bai kai kaurin tsinken ashana ba. A kyamarar da ke ɗaukar ƙwaro daidai girmansa, wato abin da ake rubutawa 1:1, in an sa ƙofar haske, wato kafar da haske ke shiga kyamara ta cikinta, a f/11 (lambar tana girma kafar tana ƙanƙancewa), faɗin wurin nan bai cika milimita 1 ba. In ka ja baya ƙwaron ya koma rabin girmansa, sai ya kai wajen milimita 2 da rabi. To numfashinka kaɗai yana motsa hannunka fiye da haka, balle iska ta kaɗa ganye. Shi ya sa ka saita a kan ido, hoto ya fito da ƙafar baya tar, kan ƙwaron kuma ya narke.

Maganin wannan ba a maɓalli yake ba, a jikinka yake. Ka daina barin na'ura tana neman saiti da kanta. A salula, ka ɗora yatsa a kan allon ka riƙe daƙiƙa 2 har saitin ya kulle, ko ka shiga sashen Pro, inda ake saita kyamarar salula da hannu, ka kai saitin mafi kusa da hannunka. Daga nan kai ne za ka riƙa matsawa gaba da baya a hankali, kana kallon idon ƙwaron, da ka ga ya fito raɗau sai ka danna. Kada ka ɗauki guda ɗaya ka tashi. Ka sa ɗauka a jere, ka ɗauki 15 ko 20 kana ɗan lilo, a ciki za ka tsinci biyu ko uku masu kyau. Masu wannan sana'a ma haka suke yi, abin da suke zubarwa ya fi abin da suke nunawa yawa nesa ba kusa ba.

Sai tsayuwarka. Tunda wurin da ke fitowa siriri ne, ka shimfiɗa ƙwaron a cikinsa. Fara ko ƙoƙi-ƙoƙi, ka zo musu ta gefe, bayan salular ya yi daidai da tsawon jikinsu, kai da ciki da ƙafa su zama nisa ɗaya daga gilashi. Malam buɗe littafi in ya rufe fukafukai, ta gefe. In ya buɗe, ta sama tsaye, ba a karkace ba. In kuwa ta fuska ka zo, to ka haƙura da sauran jiki, ido kawai za ka nema. Hoton ƙwaro in ido ya fito, mai kallo zai yafe sauran. In ido bai fito ba, share shi. Kuma ka durƙusa. Yawancin hotunan masu koyo daga tsaye ake ɗaukar su, ana leƙa ƙwaro daga sama, sai ka ga bayansa da rairayi. Ka shimfiɗa tsohon buhu ko tabarma, ka sauko idonka ya yi daidai da nasa.

Yanzu batun tashinsu. Ƙwaro ba ya ɗumama jikinsa yadda namu yake yi, zafin gari ne ke ba shi kuzari. Da hantsi ya ɗaga a Maradi, ƙuda da zanzaro sun cika da ƙarfi, ba ka kama su. Lokacinka shi ne daga fitowar rana, wajen ƙarfe 6 da rabi a damina, zuwa ƙarfe 8. A Agusta da Satumba akwai raɓa, za ka tarar da malam buɗe littafi da ƙananan fara maƙale a ƙarƙashin ganye, fukafukai jiƙe, ba sa iya tashi sai rana ta busar da su. A lokacin nan iska ma ba ta tashi ba tukuna. A hunturu, Disamba da Janairu, rana ba ta fitowa sai kusan ƙarfe 7, ƙwarin sun ragu amma waɗanda suka rage sanyi ya kashe musu jiki, kuma garkar da ake ban ruwa ita ce matattararsu tunda daji ya bushe. Afrilu da Mayu kuwa, zafi ya wuce digiri 40, salula kanta tana yin zafi ta rufe kyamara. Kada ka wahalar da kanka bayan ƙarfe 9. Akwai wata dama kuma daf da magariba, sa'ad da suke neman wurin kwana.

Wajen matsowa, abu biyu ke korar ƙwaro: motsi na farat ɗaya, da inuwa. Idonsa ya fi namu saurin gane motsi, kuma inuwar da ta faɗo masa kwatsam a wurinsa tsuntsu ne. Ka duba inda rana take kafin ka taka, ka zo ta inda inuwarka ba za ta rufe shi ba. Ka miƙa salular kai tsaye zuwa gare shi, ba ta gefe zuwa gefe ba, sannu-sannu, kana ɗauka tun daga nesa: ɗaya a santimita 50, ɗaya a 30, ɗaya a 15. In ya tashi kana da wani abu a hannu. Kuma in ya tashi kada ka bi shi. Ƙudaje da yawa suna komawa kan ganyen da suka bari, ƙudan zuma kuma yana zagayowa furen da ke da abinci. Ka saita a kan furen ka zauna jira. Ƙwaron da ke ci, ko ke barbara, ko ke goge ƙafafunsa, bai cika kula da kai ba.

Garkar da ka lissafa ta wadata, in ka san inda za ka duba. Furen kabewa da sassafe yake buɗewa, kafin azahar ya yamutse, kuma yana da zurfi, ƙudan zuma in ya shiga yakan daɗe, ya fito jikinsa duk garin fure rawaya. Ka saita a bakin furen, ka jira fitowarsa, ba shigarsa ba. Furen kuɓewa da na yakuwa kwana ɗaya suke yi, su ma da safe. In ka shuka wake ko layi ɗaya ne, zai kawo maka manyan ƙudan zuman nan baƙaƙe masu huda itace, da darɓa a kan sabon toho. Inda darɓa take kuwa akwai kasuwa: kiyashi na hawa suna lasar zaƙin da take fitarwa, ƙananan buzuzun nan masu ɗigo-ɗigo suna cin ta. Wannan wuri ne mai kyau na koyo, domin babu mai gudu.

Icen lemunka shi ne ya fi komai. Ka juya sabbin ganyensa masu taushi, za ka ga ƙwai guda-guda, zagayayyu, fari-fari, na wani babban malam buɗe littafi baƙi mai zanen rawaya, wanda masana ke kira Papilio demodocus. Tsutsarsa tana ƙarama kama take da kashin tsuntsu, baƙi da fari, har ka wuce ta ba ka gani ba. In ta girma sai ta rikiɗe kore shar. Ka ɗan taɓa ta da tsinke, za ta fito da wani abu mai reshe biyu daga bayan kanta, mai wari, don korar maƙiyi. Wanda ya bi ta kullum da safe na ƴan makonni zai samu hotunan rayuwarta duka, daga ƙwai har ta fito da fukafukai, kuma duk a tsaye take ba ta tashi. A zogale kuma, ganyen da ka ga an ɗaure su da zare-zare an cinye korensu, aikin tsutsar zogale ne, buɗe a hankali za ka gan ta. In akwai tumfafiya a bayan katanga kada ka raina ta: a kanta malam buɗe littafi mai ruwan goro da baƙin gefe yake yin ƙwai, kuma akwai wata irin fara mai launi da ke zama a kanta. Sai dai ka kula da nononta, in ya shiga ido yana yin lahani sosai.

Duk wannan ya dogara da abu ɗaya: feshi. Garkar da ake fesa wa maganin ƙwari duk mako, ba abin ɗauka a cikinta sai gawa. In kana son amfanin gona da hoto tare, ka ware kusurwa guda ka bar ta ba magani, ka bar ƴan ciyayi su yi fure, ka ajiye kasko da ruwa kaɗan da tsakuwa a ciki don su samu wurin sauka. Ka riƙa zubar da ruwan kana sakewa duk kwana 2 ko 3, in ba haka ba sauro za ka yi kiwo.

Mu koma kan kayan aiki. Babbar kyamarar salula, wato wadda ke buɗewa da farko, yawanci ba ta iya saiti a ƙasa da santimita 8 zuwa 10, wasu ma sai fiye. In ka matsa ka wuce nan, dishi-dishi dole ne, kuma muna zaton rabin matsalarka ke nan. Gwada da rubutun kwalin ashana: matso har ya fara narkewa, ka ja baya kaɗan, wannan shi ne iyakarka, ka riƙe shi. Daga nan ka sa zuƙowa ninki 2, kada ka wuce, ko ka ɗauka haka nan ka yanke daga baya. Ƙaramar kyamarar makro, wato ta ɗaukar ƙananan abubuwa daf da daf, mai megafiksel 2 da ake sakawa a saluloli masu araha, ba mu ba ka shawarar dogaro da ita ba. Saitinta a kafe yake wajen santimita 4, launinta a koɗe, kuma hoton da ka yanko daga babbar kyamara yakan fi nata kyau.

Abin da ya cancanci kuɗinka shi ne ɗan gilashin makro mai maƙalewa, irin wanda aka rubuta 10x ko 15x. Yana da sharuɗɗa. Cire rigar salular, don gilashin ya kwanta daf. Ka daidaita shi a tsakiyar idon babbar kyamara, in ya goce za ka ga kusurwoyi sun yi baƙi ko gefe ɗaya ya narke. Wasu saluloli in sun ji abu ya matso sai su sauya ido da kansu, allo ya yi duhu ko ya yi tsalle. Kashe makro na kai-tsaye, ko ka yi aiki a Pro. Matsalarsa ita ce nisa: santimita 2 zuwa 3 kawai tsakaninka da ƙwaron. Don haka na tsutsa ne, da ƙwai, da darɓa, da ƙwarin asuba masu raɓa. Akwai masu ba da nisan santimita 5 zuwa 10, in ka samu irinsu sun fi.

In daga baya ka ga abin ya kama ka, ka sayi kyamara mai sauya gilashi, ko ta hannu ce. Gilashin makro na milimita 90 zuwa 105 shi ne na aikin, yana barin wajen santimita 13 zuwa 15 tsakanin bakinsa da ƙwaro a 1:1. In ya yi tsada, akwai zobban ƙari da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi, suna zuwa uku-uku, milimita 12 da 20 da 36. Lissafinsu mai sauƙi ne: raba tsawon zobe da milimitar da aka rubuta a jikin gilashi. Zoben 36 a kan gilashin 50 yana ƙara girma kusan 0.7. Ka nemi masu wayar lantarki a ciki, in ba haka ba ba za ka iya sauya ƙofar haske ba. Ko kuma gilashin Raynox DCR-250 da ake maƙalawa a bakin gilashin zuƙowa, yana saiti a wajen santimita 12. Mai ƙafa uku kuwa, a garka mai cunkoso ya fi kawo cikas, kafin ka kafa shi ka girgiza reshe ƙwaro ya tafi.

Haske shi ne inda hoto ke tashi daga na shaida ya zama na kallo. Ranar Maradi ta tsaka tana da kaifi, jikin ƙwari kuma da yawansu sheƙi gare shi, sai ka samu farin tabo a bayan buzuzu da baƙar inuwa a ƙarƙashinsa, babu abin da za a gyara. Hasken safe, ko na ranar da hadari ya rufe, ko na ranar hazo mara kauri, shi ne mai taushi. In dole sai cikin rana, ka sa yaro ya riƙe farin ƙyalle mai shara-shara tsakanin rana da furen, kamar santimita 50 sama, amma a kafa shi tun kafin ƙwaro ya sauka. Farar takarda a ƙasa tana mayar da haske cikin inuwa. Ka rage hasken hoton kaɗan a allo, musamman a kan furen rawaya, don wurin da ya ƙone fari ba ya dawowa, mai duhu kuwa ana iya ɗaga shi. A Pro, saurin ƙiftawa kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa ga ƙwaron da ke zaune, ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, kada ya wuce 400 a salula. Ƙudan zuma a sama yana buƙatar 1/2000 ko fiye, kuma ko a haka fukafukan za su ɗan narke, ba laifi ba ne. Filashar salula ka bar ta a kashe. Tana gefen gilashi, a nisa kaɗan ko ta wuce ƙwaron ko ta ƙone shi. Tocilar wata salula da aka rufe da farar takarda, aka riƙe ta sama ta gefe, ta fi ta amfani.

Ga mai kyamara mai sauya gilashi, filasha ce sirrin, ko da rana. Dalili: a 1:1 hasken da ke isa ciki yana raguwa ninki 4, f/11 tana aiki kamar f/22. Ka fara da wannan: komai a hannu, f/11, sauri 1/200, ISO 200, filasha a kashi 1/8 ko 1/16 na ƙarfinta. A wannan ƙarfin walƙiyar gajeriya ce ƙwarai, ita ke tsayar da rawar hannu da ta ganye, kuma tana sake cika da wuri. Kada ka matse ƙofar ta wuce f/16 don neman faɗi, hoton duka zai yi laushi saboda yadda haske ke bajewa a ƙaramar kafa. Amma filasha tsirara ta fi ranar tsaka muni. Dole a yi mata shamaki. Yanko gefen farar jarka mai laushi, ko farar kumfar da ake naɗe kayan lantarki da ita, kamar santimita 20 a 25, ka huda rami gilashi ya shiga, sauran ya tsaya sama ya ɗan ranƙwafa kan ƙwaron. Shamakin ya kasance kusa da ƙwaro, nesa da filasha, ta yadda hasken zai cika shi duka. In ka manna shi a bakin filasha bai yi komai ba. Ka duba idon ƙwaron a hoto: in ka ga ɗigo fari ƙarami mai kaifi, shamaki ya yi nisa ko ya yi ƙanƙanta, in ka ga haske mai faɗi mai laushi, ya yi. Wani abin da zai faru shi ne baya ya yi baƙi ƙirin kamar dare, don hasken bai kai can ba. In ba ka so, sa ganye ko kwali mai launi santimita 10 zuwa 15 a bayan ƙwaron, ko ka sauke sauri zuwa 1/100 ka ɗaga ISO.

Iska kuma, dabarar ita ce hannun hagu. Kama reshen da yatsu biyu ƙasa da ƙwaron, a hankali, sa'annan ka ɗora bakin salula ko gilashi a kan wannan hannun. Yanzu in kun motsa tare za ku motsa, saiti ba zai goce ba. Da hannun kuma kana iya juya reshen kaɗan don ka sauya abin da ke baya. Ka kula da bayan nan: bokitin roba shuɗi, leda, igiyar shanya, duk suna fitowa tabo mai jan ido. Katangar laka da ke nesa tana ba da launi mai kyau ƙwarai, musamman ga ƙwaro kore.

Ƙura abokiyar gaba ce a nan. Ka goge idon salula kafin kowace fita da ƙyalle mai taushi, bayan ka hure, don rairayi yana karce gilashi, kuma maiƙon yatsa kaɗai yana sa hoto ya yi hazo. Mai kyamara kada ya sauya gilashi a tsakar gida da hunturu, ya shiga ɗaki, ya juya bakinta ƙasa. Ƙurar da ba ta fitowa a f/4, a f/11 sai ta fito ɗigo-ɗigo a wuri ɗaya cikin kowane hoto.

Dare ma yana da nasa. Bayan ruwan farko shinge na fitowa, faɗa-wuta kuma duk damina suna nan. Rataya farin zane a bango, ka sa fitila mai caji a gabansa, ka ba shi awa guda. Suna sauka su natsu, ka ɗauka yadda kake so. Amma fitila tana jawo hangara, kuma in ka murje ta a wuya ko hannu ruwanta yana tayar da bororo. Hure ta, kada ka mare ta. Gizaka ba a taɓa ta da hannu. Kafin ka durƙusa ko ka ɗaga tukunya, duba kunama, kuma ka san inda gidan rina yake. Wasu suna sa ƙwaro a firij ya sandare don su ɗauka. Ba ma son wannan: yana iya kashe shi, kuma hoton yana tona kansa, ƙafafu a naɗe, gashin kai a zube.

In kana son sanin sunan abin da ka ɗauka, hoto ɗaya mai kyau bai isa ba. Ɗauki ta sama, ta gefe, da fuska, da kuma ɗaya daga nesa wanda ke nuna shukar da ɓarnar da aka yi mata. Ajiye tsinken ashana ko ƙwandalar dala ashirin a gefe don a gane girma. Rubuta rana da sunan shuka. Manhajar iNaturalist tana ba da hasashe, masana kuma su gyara. In abin yana cin amfaninka ne, malaman gona da ma'aikatan cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna irin hotunan nan suke buƙata kafin su ce ga magani, domin wani ƙwaron da kake zargi shi ne yake cinye mai ɓarnar. Kuma in za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, ba hoto ba, don manhajar tana matse hoto ta cinye ƙananan gashi da jijiyoyin fukafuki, waɗanda da su ake bambance iri da iri.